Kafin Naƙuda Ta Tashi: Littafin Aikin Mazaɓunmu Uku

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau aka yi zaman farko kan yadda za mu rage mutuwar matanmu wurin haihuwa, bayan la'asar, a ajin manya na Islamiyyar unguwa. Mazaɓu uku ne maƙwabtan juna a ƙaramar hukumar Dala, kowacce da kwamitinta na ci gaban mazaɓa, amma matanmu wuri ɗaya suke zuwa awo, 'yan adaidaita ɗaya ke ɗaukar su, ungozoma kuwa ba ruwanta da inda iyakar mazaɓa ta tsaya. Masu unguwanni sun zo, da limamai biyu, da Sistar da ke riƙe da ɗakin haihuwa a ƙaramin asibitinmu, da wakilin 'yan adaidaita. Ungozomomi suka zauna can baya, ba wadda ta ce uffan. Ni aka ɗora wa rubutu, wai tunda koyarwa nake yi hannuna ya saba da alƙalami.

Sista ta fara da alƙaluma. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a shekarar 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti, mu a Arewa maso Yamma ko kusa da haka ba mu kai ba. Zauren bai motsa ba. Wanda ya yi zaman makokin ƙanwarsa ba sai an karanta masa lissafi ba.

Inda mutane suka gyara zama shi ne da ta zo kan jinkiri uku, bayanin da masana suka fitar tun 1994: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun ba a hannunmu yake ba, sai dai mu yi magana. Biyun farko namu ne. Aka tsayar cewa duk mai juna biyu da ke cikin littafinmu, kafin ta shiga wata takwas a gama mata abu huɗu: izinin maigida, abin hawa, kuɗin ko-ta-kwana, da wanda zai ba ta jini. Mai unguwa mafi shekaru ya ce ai dama ba a fafe gora ranar tafiya.

An kawo shawarar gangami da lasifika da riguna masu tambari. Na ce a bar kuɗin a asusu. Matan nan sun san jini na kisa. Ƙarfe biyun dare in abu ya taso, ba mai naƙuda ce ke yanke hukunci ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun fara shiga gida-gida, kuma tun daga zaure muka ci karo da kunya. Mai cikin fari ba za ta buɗi baki ta ce tana da ciki ba, ko uwarta ce ta tambaya. Wadda ta saba haihuwa kuma tana ɓoyewa don tsoron baki, ko don kada abokiyar zama ta sani tun da wuri. Shi ya sa yawancin matanmu ba sa karɓar katin awo sai ciki ya fito fili, wata biyar ko shida.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau takwas a maimakon huɗu, na farko a cikin makonni 12 na farkon ciki. Mai zuwa a makare tana asarar abubuwa masu arha da amfani. Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga mako na 13 ake fara shi, wata-wata, aƙalla sau uku. Ga ƙwayar ƙarin jini da ake sha kullum, wadda mata ke jefarwa bayan katifa saboda tana tayar musu da zuciya. Binciken 2018 ɗin nan ya sami masu ciki 61 cikin 100 da ƙarancin jini. Mace mai wadataccen jini za ta iya jure zubar da za ta kayar da wadda dama jinin nata bai kai ba.

Dabarar da ta fishe mu: ba a rubuta suna a babban littafi, lamba ake sawa. Sunan yana wurin ungozomar lungun da Sista kaɗai.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ranar Talata na je wurin babban limaminmu tare da maigidana. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, mace jini ya ɓalle mata, an nemi mijinta a waya ba a samu ba, aka fita da ita asibiti. Ta saɓa masa?” Ya ce ceton rai yana gaba, babu malamin da zai ce a zauna. Amma ya ƙara da abin da ya fi fatawar amfani a wurinmu: tunda zukatan mutane ba sa natsuwa, maigida ya ba da izinin tun ana lafiya, da bakinsa, a gaban matar da mahaifiyarsa.

Yau ya yi huɗuba a kai, daga tsakar gidanmu nake jiyo lasifika. Ya jawo ayar Suratu Luƙman da ke cewa uwa ta ɗauki ɗanta cikin rauni a kan rauni, sannan ya sauko kan mazan unguwa kai tsaye. Wannan yana kasuwar Kwari tun safe, wannan yana ta Singa, wannan ya yi lodi a Dawanau ya nufi Legas, waya a kashe ko babu caji. Wa ka bar wa magana?

Sharaɗin a faɗa a gaban uwar miji shi ne gishirin abin. A gidaje da yawa izinin ɗa ba ya aiki in Hajiya ta ce a dakata, ita ta haifi tara a ɗaki ba wanda ya ji kanta. In kuwa a gabanta aka yi maganar, ta zama mai riƙon amana, ita ce ma za ta fara cewa a kira mota. Mun ƙara layi a katin kowace mace: an ba da izini, a gaban wa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zama da ungozomomi su kaɗai, babu namiji, babu mai unguwa. Nan bakinsu ya buɗe.

Babbarsu, wadda duk muke kira Inna, ta karɓi haihuwar rabin matan da ke zaune a wurin, har da ni. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, ku faɗa mana gaskiya, abincinmu kuka zo karɓewa?” Tambaya ce mai kyau. Ungozoma na samun sabulu, da ɗan kuɗi, da rabonta na naman suna, wani gidan har da atamfa. Duk tsarin da ya ce ta kai mace asibiti ta koma gida hannu rabbana, ranar da aka kafa shi ya mutu. Aka yarda cewa hakkinta yana nan ko a ina aka haihu. Ita za ta raka, ita za ta dawo da mai jego, ita ke wankan jariri har a yi suna. Masu unguwanni za su sanar da magidanta haka.

Sannan suka zazzage nasu ƙorafin, Sista na zaune tana ji. Mata na gudun asibiti saboda tsawa, saboda a kwantar da mutum rigingine alhali ta saba haihuwa a kan gwiwa, saboda tsoron ƙari da ɗinki, saboda a bar ta a buɗe mutane na wucewa. Sista ba ta musa ba. Ta ce durƙuso ba laifi ba ne, wadda ta fi son sa za ta bar ta, kuma ba kowace haihuwar fari ce ke buƙatar ƙari ba. Labule kuma kwamiti zai ɗinka. Tsawa dai ta ce mutum biyu ne ke kwana a kan mata da yawa, amma za ta yi wa abokan aikinta magana.

Abu biyu Sista ta ce babu sassauci a kansu. Na farko allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya yi a gida don a gaggauta haihuwa. Oksitosin ce, in aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba jariri na ciki, tana iya fasa mahaifa. Na biyu yankan gishiri. Reza ba ta buɗe ƙugun da ya yi wa kan ɗa kaɗan, sai dai ta huda mafitsara. Doguwar naƙuda da wannan yanka su ke cika cibiyar Laure Madaki da ke Asibitin Murtala da masu yoyon fitsari. Inna ta ce ita ta daina yanka tun da daɗewa, amma ta san masu yi. Ba ta kira suna ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ƙa'idar da suka ɗauka: naƙudar da ta kai awa 12, ko jini kafin haihuwa, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a fita.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Layin awo ya ragu, asusu kuma ya ƙaru, don an yi sanarwa a wuraren tafsiri kuma hannun mutane a sake yake a wannan wata. Malamai sun tuna wa masu ciki cewa shari'a ta ba su rangwame in suna tsoron cutuwa, amma da yawa sun fi jin kunyar a gan su suna cin abinci da rana.

Zafi ya fara. Oksitosin, wadda a asibiti ake tsayar da jini da ita bayan haihuwa, na son sanyin maki 2 zuwa 8, in ta sha zafi ƙarfinta na raguwa ba tare da kalarta ta canza ba. Wuta ba ta zama, don haka mun sayo batirin sola na firjin ɗakin haihuwa. Shi ne kuɗi na farko da ya fita daga asusu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Maganar abin hawa ta fi yadda na zata ƙulli. Tun Yulin 2022 da gwamnatin jiha ta sa dokar hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, direbobi da yawa ko ƙofa aka buga musu ba sa fitowa, don tsoron kamu. Wakilinsu ya lissafo sauran damuwarsu ba tare da kwana-kwana ba. Man fetur tun cire tallafi a Mayun 2023 ba a ba da shi kyauta. In mace ta zubar da jini a kujera, shi za a bari da wanki, gobe kuma fasinja ba zai hau ba. In ta cika a hanya, wa zai tsaya masa?

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta daɗe tana irin wannan aiki na ɗaukar masu naƙuda a jihohin Arewa da dama, daga can muka kwaikwayo. Kowane direban da ya shiga za a ba shi kati mai hotonsa da sa hannun dagaci, an kuma kai jerin sunayensu ofishin 'yan sanda na yankinmu. Asusu ke biyan kuɗin mai washegari da safe, iyali su mayar daga baya. Kowa an ba shi shimfiɗar leda da sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Magidanta biyu masu mota sun ce a sa lambarsu su ma.

Sai lungu. Wanda bai san cikin gari ba ba zai gane ba: akwai gidajen da ko adaidaita ba ta isa ƙofarsu, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Kowane lungu an tsayar masa da bakin titin da za a haɗu, an kuma rubuta a katin mace. Wani kafinta ya yi mana abin ɗaukar marar lafiya guda uku, ana ajiye su a zauren masu unguwanni. An yi gardama a kan siffarsa, don na farkon da ya yi ya yi kama da makara, ba macen da za ta yarda ta hau. Ya sake shi da majingina, aka shafa masa koren fenti.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun sayi na'urorin awon hawan jini masu batir, an koya wa 'yan mata biyu a kowace mazaɓa cikin waɗanda suka gama sakandare. Aikinsu awo da rubutawa kawai, ba ba da magani ba. Daga 140 bisa 90 a tura wa Sista ranar. In ya kai 160 bisa 110, ko da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba a jiran gari ya waye.

Daren Laraba tsarin ya sha gwajinsa na farko. Yarinya ce mai cikin fari, wata takwas. Kwana biyu tana kuka da kai, aka ce rana ce. Da dare ta fara jijjiga, ta ciji harshe. Gidan suka ce iska ce, aka kunna hayaƙi, aka aika kiran mai ruƙiyya. Inna ce ta shigo ta ce a kashe garwashin nan, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki. Mijin yana hanyar Fatakwal. Uwar mijin ta yi jim, sannan ta ce ai ya faɗa a gabanta, a kira direba. Malamin ruƙiyya ya iso ana fitowa da ita, ya bi su yana addu'a a cikin adaidaita, wanda a ganina shi ne daidai wurin da ya dace da shi.

Sista ta yi mata allurar magnesiyam salfet ta farko, ta rubuta takarda, aka wuce da ita babban asibiti. Aiki aka yi mata. Ita da jaririyar suna nan da rai.

Wannan allura tana da tarihi a Kano. A 2008 aka shigar da ita manyan asibitocin jiha guda goma a maimakon maganin barcin da ake amfani da shi a da, mutuwar masu jijjiga ta ragu ƙwarai. Sai dai ita jijjigar take tsayarwa. Ciwon kansa ba ya tafiya sai an raba uwa da ciki, abin da ke da wuyar fahimtar da dangi in wata tara bai cika ba.

Kuɗin aiki fa? A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, cikin shirin da ya ware ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mace-macen masu haihuwa. Ba kowane asibiti ne ke cikin tsarin ba. Mun ɗora wa shugaban kwamiti ya samo mana jerin waɗanda ke ciki a cikin birni, direbobi su san inda za su nufa da mai ƙaramin ƙarfi.

Asabar, 14 ga Yuni

Ranar masu ba da jini ta duniya, muka fake da ita muka tara samari: 'yan ƙwallon unguwa, 'yan agaji, ɗaliban Islamiyyar dare. Ma'aikatan ɗakin gwaji suka zo aka duba rukunin jinin kowa, aka rubuta da lambar waya. Tsoron da ya fi yawa ba na allura ba ne. Wai ba da jini na rage wa namiji ƙarfi. Mai horar da 'yan ƙwallo ya fara miƙa hannu, ya ce duk wanda ya ga ya gaza a fili gobe ya zo ya faɗa. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku. Masu rukunin O nagetib 'yan ƙalilan muka samu, na ja musu layi da jan biro. Matan da jininsu nagetib ne kuma an yi musu alama a kati, saboda allurar da ake so a yi musu cikin awa 72 bayan haihuwa tana da tsada, gara a fara tari tun yanzu.

Sista ta yi wa iyaye mata bayanin zubar jini, kuma ban taɓa jin an yi shi a fili haka ba. Ta ɗaga ledar fiya wata guda ta ce wannan rabin lita ce, mililita 500. Macen da ta zubar da haka bayan haihuwa ta shiga haɗari, in ya kai leda biyu abin ya yi tsanani. Matsalar ita ce ido ba ya iya aunawa. Zane ya sha, katifa ta sha, ƙasa ta sha, kowa na cewa da sauƙi har sai mace ta fara hamma da gumi mai sanyi.

A kan wannan ne aka yi babban binciken nan mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin na taruwa ana ganin lamba. Da ya kai iyaka sai a haɗa komai a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, oksitosin, allurar tiranekzamik mai hana jini tsinkewa, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Sakamakon da ya fito a Mayun 2023 ya nuna zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100. 'Yar garin nan ce a gaban aikin, don haka ba na jin nauyin tambayar kowane ɗakin haihuwa a Kano ko yana da ledar. Namu yana da 'yan kaɗan. Kwamiti ya rubuta wa ƙaramar hukuma yana neman ƙari.

Asabar, 19 ga Yuli

Mun yi rashi ranar Litinin. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Ba ta cikin littafinmu. Goyon ciki ta zo gidan iyayenta daga wata ƙaramar hukuma, mako uku kafin haihuwa, katin awonta ma can ta baro shi. Ta haihu a ɗaki wajen ƙarfe ɗayan dare ana ruwa, mabiyiya ta ƙi faɗowa. Aka ba ta tabarya ta busa, aka jiƙa rubutu. Mahaifinta ya ce ba zai fitar da matar wani ba sai an ji daga mijinta, wayar mijin kuma ba ta shiga. Kafin a tashi ungozoma, a nemo lambar direba wurin maƙwabta, an kusa kiran assalatu. A asibitin da aka kai ta an yi abin da za a iya, amma babu jinin rukuninta a ajiye, samarinmu biyu suna hanya ta cika. Zubar jini irin wannan awa biyu ta ishe shi.

Yau muka zauna bitar abin, bisa ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi wajen bitar mutuwar masu haihuwa: ba a kiran suna, ba a ɗora wa kowa laifi, tambaya ɗaya ce, a ina aka tsaya. Mai unguwar lungun ya so ya yi faɗa, na ce, “Ranka ya daɗe, in muka kunyata gidan nan, gobe wani gidan ɓoye mana zai yi.” Ya haƙura. Mahaifin nata ba mugu ba ne, abin da ya taso ya tarar ya bi.

An yanke cewa duk wadda ta zo goyon ciki a sanar da ungozoma a makon da ta sauka, a buɗe mata kati, miji kuma ya miƙa izini ga surukinsa ranar da ya kawo ta. Namu matan da za su tafi wani gari su tafi da katinsu. Limamai za su maimaita a huɗuba, da sunan goyon ciki ƙarara.

Inda aka rabu biyu shi ne misofrostol. Ƙwaya uku ce ake sha da zarar ɗa ya fito, bayan an tabbatar babu na biyu a ciki, tana sa mahaifa ta tsuke. Ba ta buƙatar firji. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa ba masu ciki ita tun kafin haihuwa a wuraren da ake haihuwa babu ma'aikacin lafiya. Wasu a kwamiti na ganin in aka raba ta an ba mata lasisin zama a gida, ga tsoron wata ta sha tun ɗa na ciki. Ni ina ganin masu haihuwa a gida suna yi da ƙwayar ko babu ita. Amma ba hurumin kwamiti ba ne, Sista za ta kai maganar gaban shugabanninta.

Asabar, 23 ga Agusta

Ruwa ya yi yawa, kwatoci sun cika, lunguna biyu sai an naɗe zane. Zazzaɓi ya kwantar da masu ciki da dama, gidan sauron da aka raba kuma wasu na ƙulle a leda ana ajiyar baƙo.

Asusu ya yi ƙasa. Gidaje da yawa da aka ranta wa kuɗin mai da na magani ba su mayar ba. Ma'aji na son a karanta sunayensu a masallaci, aka hana shi. Mata sun ce a bar musu, za su shigar da bashin cikin adashinsu na mako.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun juya kan jego, inda kowa ke saki jiki da zarar an ce ta sauka lafiya. Ƙa'ida ita ce a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24 na farko, tsakanin awa 48 da 72, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na shida. A wurinmu kuwa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Maimakon mu yi jayayya da al'ada, 'yan matanmu masu na'ura su ke shiga su auna ta a ɗaki, don jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa ma. Zazzaɓi da jini mai wari su ma a kai rahoto ranar.

Wankan jego da kunun kanwa sun ci mana zama guda cur. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini su ma suna da hannu. Ko ma dai yaya ne, mace mai hawan jini ba ta da abin yi da kanwa. Iyaye mata ba su yarda a daina wanka ba, ni ma ban so a nemi haka ba, don ba za a samu ba. An tsaya a kan ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, wadda aka yi wa aiki kuma a bar mata ganye sai ciwo ya warke. Mai jegon da ke haki, ko ƙafa ta kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, asibiti za a kai ta, ba ƙarin wuta za a yi wa tukunya ba.

Tazarar haihuwa ba ta jawo hayaniyar da ake tsoro ba. Likitoci na cewa a bar aƙalla wata 24 kafin wani cikin, Liman ya ce ai shayarwa shekara biyu a Alƙur'ani take, kwanika kuma tun kakanni ba abin yabo ba ce.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wata mazaɓa daga ƙaramar hukumar Gwale ta aiko tana son shiga. Ra'ayi ya rabu. Direbobi na so, don dama suna ɗauko mata daga can. Ma'aji ya ce asusun da bai tsaya da ƙafarsa ba ba ya goya wani. An ce su buɗe nasu asusun da littafinsu, mu haɗa jerin masu ba da jini da na direbobi kawai, a sake dubawa bayan wata uku.

Rajistar marasa ƙarfi a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ita ce aikin da ke gabanmu. Akwai gurbin da ake biya daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa, matanmu da yawa kuma ba su da ita, musamman ƙananan amare. Kansila ya yi alkawarin kawo masu na'urar rajista harabar Islamiyya ranar Asabar mai zuwa. An raba wa masu unguwanni aikin sanar da magidanta su bar matansu su fito, ungozomomi kuma su fara da waɗanda suka shiga wata bakwai. Amsar maganar misofrostol ba ta zo ba tukuna, haka ma ta ledar awon jini. Shugaba zai sake komawa sakatariya ranar Litinin da kwafin takardun biyu.